Wai mu mazauna Ingila, ina muka taɓa zuwa ban da wurin aiki da Tesco?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni kuma dan Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. Mu nan da muke zaune a Ingila, masu karatu da masu aiki, mutum nawa ne suka taɓa fita daga garin da suke don kawai su je su ga wani wuri? Ban da zuwa Landan sabunta fasfo, ban da suna ko walima a Manchester. Don na lura mutum sai ya gama digirinsa kaf ya tattara ya koma gida, in an ce masa ya Ingila take, abin da ya sani ɗakinsa, laburare, kantin cefane na Tesco, sai filin jirgi. Daga nan Leeds zuwa York a jirgin ƙasa ko rabin awa ba a yi, amma akwai waɗanda muke gida ɗaya da su ba su taɓa leƙawa ba.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Kai dai ka ji daɗinka ɗan sikolashif, ko harajin kansil ba ka biya shi ya sa. Ni da nake kwana a tsaye awa 12 a gidan kula da tsofaffi in dawo ƙafa a kumbure, ranar hutun nan guda ɗaya tilo ka ce in ɗauka in kai wa tumaki ziyara? Haya na jira, gas na jira, a gida kuma kowa gani yake fam tsintarsa muke a titi. Kuɗin tikitin nan in na canza shi zuwa naira wlh cefanen wani gidan ne. Neman kuɗi ya kawo ni ba kallo ba.

'Yar Zazzau: Yaya Bakatsine ni ma fa shif nake yi a asibiti, dare da rana duk na sani, amma gsky ban yarda da kai ba. Abin da ya fi kyau a ƙasar nan ma shi ne wanda ba a biyan ko kwabo. Daga Sheffield nake hawa jirgin da ke bi ta kwarin Hope ya nufi Manchester, minti talatin da 'yan kai na sauka a wani ɗan ƙauye Edale, tashar ma ba kowa sai iska. Daga nan ƙafa ce kawai har saman tsaunin Mam Tor, tsayinsa mita 517, ba wani hawan wahala ba ne don kusa da ƙarshe ma an shimfiɗa duwatsu. In ka kai sama ka ga kwari biyu hagu da dama, gonaki an yanka su da katangar duwatsu wadda ba siminti ba laka, dutse ne kawai aka ɗora kan dutse kuma tana nan tsaye, tumaki kowanne da shafin fenti a gadon baya, na wannan ja na wancan shuɗi don kar su cakuɗe. Ni in na yi mako ina shaƙar warin magani wannan iskar ce ke dawo da ni hayyacina.

Bakatsine: Kin ga ni dama na faɗa, tumaki ne.

Ɗan Fagge: Hhhh yau ga Bazazzagiya ta yi magana mai ma'ana, a rubuta ranar.

'Yar Zazzau: Kai Bakano rufe mana baki, ku da in kun je wuri farashin kaya kawai kuke tambaya.

Auta: Dan Allah Anti tambaya, ni sabon zuwa ne. Gonakin nan da kike cewa ai na mutane ne, ya za a yi mutum ya kama ya ratsa gonar Bature haka kawai? Ni fa tsoro nake ji kar a kira min 'yan sanda biza ta ta samu matsala.

Kawu Direba: Auta kwantar da hankalinka, zo in gaya maka. Ka san burtali? To su ma suna da irinsa amma nasu na mutane ne masu tafiya a ƙafa. Hanya ce da doka ta amince da ita, tana ratsa tsakiyar gonar mutum, wani lokacin ma ta gefen ƙofar gidansa, kuma ba shi da ikon toshe ta ko ya hana ka wucewa. Za ka ga ɗan allo an rubuta Public Footpath, ko 'yar kibiya ruwan ɗorawa a jikin gungume. In kibiyar shuɗiya ce to har masu doki da keke suna bi. Inda shinge ya tare za ka tarar da ɗan matakalar katako ka taka ka tsallaka, ko ƙaramar ƙofa. Sharaɗin kawai ka tsaya a kan hanyar, ƙofa ka bar ta yadda ka same ta, kar ka zubar da shara.

Kuma kar ka ɗauka kyauta aka ba su. Da can tsaunukan nan masu ƙasa ne suka killace don harbin tsuntsaye, talaka bai isa ya taka ba. A 1932 ma'aikatan masana'antu daga Manchester da Sheffield suka yi gayya suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, nan kusa da Edale ɗin da antinka ke faɗa, aka yi dambe da masu gadi har aka ɗaure wasu a kurkuku. Sai 1951 aka mai da yankin Peak District gandun shaƙatawa na ƙasa, shi ne na farko a Birtaniya, a 2000 kuma aka yi dokar da ta buɗe tsaunuka da dama ga kowa. Wato leburori irinmu ne suka sha ɗauri a kan abin, masu aikin kwana shida a mako, Bakatsine kana ji?

Bakatsine: Ina ji Kawu, ranka ya daɗe. Amma su ba sa tura kuɗi Funtuwa.

Kawu Direba: Kai ka ji kunya ma, Sarkinku Dikko tun 1921 ya zo Ingila ya zaga ya ga gari, lokacin da tafiyar ta jirgin ruwa ce ta makonni. Kai kana ciki ka ce ba ka gani.

Hajiya Bradford: Ku dai maza kuna ta maganar doka da tarihi, ni bari in faɗi abin da ke hana mata da yawa fita, kallo. A Bradford in na sa hijabina ba wanda zai ɗaga kai, amma ka shiga wani ƙauyen a ce ke kaɗai ce baƙa kuma ga lulluɓi, kin shiga shagon shayi sai ki ji hira ta tsaya cak na ɗan lokaci. Ba na ce zagi ake ba, yawanci ma tsofaffin nan su ne masu fara gaisuwa, a kan hanyar daji kowa ya wuce sai ya ce miki sannu, abin da ba a yi a cikin birni. Amma wannan shirun na farko ba kowa ke iya ɗauka ba. Sai kuma karnuka, innalillahi, kowa da karensa wani ma biyu, ya taho a guje yana shinshinar zani mai shi yana daga nesa yana murmushi wai ba ya cizo. To ni cizo na ce miki? Da kayan nan zan yi salla.

Alaramma: Hajiya a kan wannan kam akwai sauƙi, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai kare mai rai ba najasa ba ne, don ya shinshina tufa ba a ce salla ta ɓaci ba. Abin da na fi so matafiya su lura da shi lokaci ne. A watan Disamba a arewacin Ingila azahar wajen sha biyu take, la'asar tun kafin biyu ta shiga, magariba kuma kafin huɗu, to ka ga in ka fita yawon wuni salloli uku za su same ka a waje. Kuma kar a ce ai tafiya ce a yi ta kasaru, kasaru sai tafiya ta kai mil 48, Leeds zuwa York ko Sheffield zuwa Edale ba su kai ba. A fita da alwala, a sa 'yar darduma mai ledar nan a jaka, alƙibla kuma ga ta a waya.

'Yar Zazzau: Allah gafarta Malam alwalar ce aiki, ruwan rafin can in ka sa hannu sai ka ji kamar ba naka ba. Ni da filas biyu nake tafiya, ɗaya shayi ɗaya ruwan ɗumi.

Ɗan Fagge: A York kam ba matsala akwai masallaci a Bull Lane, da ƙafa ake zuwa daga tsakiyar gari. Kuma Yaya Bakatsine saurara ka ji lissafi tunda an ce mu Kanawa farashi muka sani. Ganuwar garin kyauta ake hawa, ka bi ta samanta wajen mil biyu kana leƙen bayan gidajen mutane da lambunansu. Gidan tarihin jiragen ƙasa da ke bayan tasha shi ma kyauta, a ciki akwai Mallard, jirgin gawayi da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938 kuma har yau ba mai tururin da ya karya shi, yara in suka shiga sai da rigima ake fito da su. Sai wani lungu Shambles, tsohon layin mahauta ne, benayen sun sunkuyo har suna neman haɗa kai ta sama, a jikin wasu shagunan har yanzu ga ƙugiyoyin rataye nama nan. Babban cocinsu ne ake biya kafin a shiga, ni daga waje na tsaya na ƙare masa kallo kuma ya ishe ni. Garin nan Rumawa ne suka kafa shi a shekara ta 71, ba 1971 ba fa, 71.

Bakatsine: To tikitin fa, shi ma Rumawan ne za su biya?

Maman Biyu: Hhhh Yaya ka cika gardama. Tikiti dabara ce. In ka je tasha ranar tafiya ka saya to ka sayi tsada, amma in ka saya tun da makonni ka zaɓi jirgin da ba na lokacin masu zuwa aiki ba sai ka sha mamaki. Sannan a yi Railcard, katin ragin kuɗin jirgin ƙasa, yana cire kashi ɗaya cikin uku. Akwai na 'yan 16 zuwa 25 wanda ɗalibi ko ya wuce shekarun in dai cikakken ɗalibi ne zai iya samu, akwai na 26 zuwa 30, akwai na mutum biyu masu tafiya tare, mu kuma na iyali muke da shi, manya ragin kashi ɗaya cikin uku yara kashi 60 cikin ɗari, 'yan ƙasa da shekara biyar dama ba a biya musu. Bas kuma yawancinsu a wajen Landan an ƙayyade tafiya ɗaya ba ta wuce fam 3. Abinci daga gida, dafa-duka a kula, dambun nama, ruwa. Abin da ke cinye kuɗi a yawon nan ba mota ba ce, shayi da kek ɗin da za ka zauna ci ne a shago.

Amma gargaɗi ɗaya, bas ɗin ƙauye ran Lahadi ba abin dogaro ba ne, wani wurin ma sam babu, wani kuma na ƙarshe tun yamma ya wuce. Ku duba na dawowa kafin na tafiya.

Auta: Anti wane wuri ne kuma bai cancanci wahalar ba? Don ni a jerina Stonehenge, wurin manyan duwatsun nan da mutanen da suka kakkafa, ne na farko.

Kawu Direba: Tab. Auta ni dai ra'ayina, duwatsun suna da ban mamaki in ka tuna an fara aikin wurin wajen shekara 5,000 da suka wuce kuma wasu duwatsun daga Wales aka jawo su ba mota ba katafila, amma za ka biya kuɗi mai kauri ka tsaya bayan igiya ka zagaya ka fito. In ka bi titin A303 daga cikin mota ma kana hango su, shi ya sa kullum wurin go-sulo, kowa ya rage gudu yana ɗaukar hoto. In kuɗinka na wuri ɗaya ne ni Bath zan ce maka, can ruwan zafi ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa wajen digiri 46, Rumawa suka gina wurin wanka a kai, kana tsaye kana ganin tururi na tashi a kan ruwa kore shar. Garin kuma gaba ɗaya dutse ne kala ɗaya mai ruwan zuma.

Maman Biyu: Ni kuma yankin ƙauyukan Cotswolds ne ban gane ba. Kowa Bibury Bibury, ka je ka tarar layin gidaje ne guda ɗaya na tsofaffin masaƙa da motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika ko'ina, wurin fakin babu, masu gidajen ma ka ga sun gaji da mutane. Kyau kam akwai amma hoton ya fi wurin.

'Yar Zazzau: Ai laifin zuwa ran Asabar da rani ne. Irin wuraren nan ranar aiki ake zuwa da sassafe, mu masu shif a nan muka fi kowa sa'a, hutunmu Talata ne ko Laraba lokacin da kowa yana ofis. Yaya Bakatsine wannan ma da kai nake.

Ɗan Gwagwarmaya: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni abin da ke ci min rai daban ne. Manyan gidajen nan na ƙauye da ake biya a shiga a yi ta santin labule da zanen bango, kun tambayi da kuɗin me aka gina su? Ga Harewood nan kusa da kai Ɗan Fagge, dukiyar dangin Lascelles ce kuma daga gonakin rake na Karibiyan ta fito inda bayi 'yan Afirka suka yi ta mutuwa. National Trust, ƙungiyar da ke kula da irin waɗannan wuraren tarihi, da kanta a 2020 ta fitar da rahoto cewa wurare 93 da ke hannunta suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Shi kansa Lugard da ya ci ƙasarmu da yaƙi, a wani ƙauye mai lumana Abinger a Surrey ya je ya yi ritayarsa har ya mutu a 1945. An kwashe namu an ƙawata nasu, sannan in zo in sake biya in kalla? A'a.

Ɗan Fagge: Gaskiya ka faɗa ɗan'uwa ba musu, amma ni a wurina wannan dalilin zuwa ne ba na ƙin zuwa ba. Su kansu a Harewood ba sa ɓoye maganar yanzu. Na fi so in tsaya a falon in ga girman abin da idona, don a littafi lamba ce kawai. Kuma in mun ƙaurace wa wurin wa muka hukunta? Ba wanda ya san ma ba mu zo ba.

Ɗan Gwagwarmaya: Aljihuna ya sani. Tsauni da rafi zan je, Allah ne ya yi su. Gidan mai bayi kuwa ko da kyauta sai na yi shawara.

Alaramma: Kowannenku da hujjarsa. Wanda kuma yake son tarihin da zai ji nasa ne, ya je Woking, ƙasa da awa ɗaya daga tashar Waterloo ta Landan. Masallacin Shah Jahan na nan tun 1889, shi ne na farko da aka gina musamman don salla a ƙasar nan, sarauniyar Bhopal ta Indiya ce ta taimaka da kuɗin ginin, ɗan ƙarami ne mai koren ƙubba, daga cikin jirgi ma ana hango shi. A Liverpool kuma akwai na Abdullah Quilliam, lauya Bature da ya musulunta, a Brougham Terrace. Na Cambridge sabo ne, 2019 aka buɗe, ginshiƙansa na katako sun tashi sun rarrabu a sama kamar rassan itatuwa, wanda ya je ganin jami'a ya tsaya ya yi azahar a can.

Kawu Direba: Amma a yi hattara da Brighton Malam, hhhh. Na taɓa kai wani baƙo daga gida, muna shan kwana ya hango ƙubbobi da hasumiyoyi ya ce Alhamdulillah tsaya nan in yi la'asar, har ya fara naɗe hannun riga. Na ce Alhaji wannan gidan shaƙatawar Sarki George na huɗu ne, ba liman ba ladan. Abin da ya haɗa shi da Musulmi dai a yaƙin duniya na ɗaya an mai da shi asibitin sojojin Indiya.

Hajiya Bradford: Kawu Allah ya shirye ka. Tunda an zo bakin teku bari in ja kunnen masu zuwa Whitby da Scarborough cin kifi da dankali. Kar ku ce ai kifi ne ba ruwansa da yanka. A nan Yorkshire shaguna da yawa da kitsen saniya suke suya ba man gyaɗa ba, wasu kuma a ƙullun da suke tsoma kifin akwai giya. Ku tambaya kafin ku biya, ba sa jin haushi, za su gaya muku. Kuma ku riƙe abincinku da kyau don tsuntsayen tekun nan ɓarayi ne na gaske, daga hannu suke fizga. Whitby akwai matakala 199 zuwa kangon tsohon cocin da ke kan tudu, ni gwiwata ta ce ba da ita ba, na zauna a ƙasa na ce yara su gaishe min da sama.

Auta: To ni yanzu wane kaya zan nema? Jaket ɗin da na zo da shi daga Kantin Kwari ne.

'Yar Zazzau: Wanda ruwa ba ya ratsawa ƙanina, shi ne farko, don sai ka fito rana tsaka kafin awa ɗaya sama ta juye. Takalmi mai ƙarfi wanda ba ka jin tausayinsa saboda taɓo, ka duba shagunan gwanjon nan na sadaka ana samu da araha. Kar ka taɓa wani ganye mai gashi-gashi a bakin hanya, ƙaiƙayinsa kamar wuta. In ka ga shanu da 'yan maruƙa a fili ka zagaye su nesa kar ka ce kai jikan Fulani ne. Kuma ka sauke taswira a waya tun daga gida don a kwarin nan sabis ɗaukewa yake.

Maman Biyu: To maimakon surutu a sa rana mana. In muna da yawa ko kallon da Hajiya ke faɗa ba zai dame mu ba, ai akwai ƙungiyar Muslim Hikers ma da suke fita da yawansu haka. Edale ya fi dacewa tunda yana tsakanin Manchester da Sheffield, na Leeds da Bradford su same mu a Sheffield. Amma a bari a canza agogo ƙarshen Maris rana ta ƙara tsawo.

Kawu Direba: Motata na ɗaukar mutum shida, masu yara da Hajiya su biyo ni, akwai wurin fakin a gindin Mam Tor ta ɓangaren Castleton, daga nan hawan gajere ne. Matasa ku hau jirgi ku tako.

Hajiya Bradford: Ni zan yi waina da miyar taushe amma wani ya ɗauki kular, ba zan hau dutse da ita ba.

Bakatsine: In Talata ce kuma akwai waina to a sa sunana, amma a sani saboda wainar ne. Kuma Kawu gaban mota nawa ne, zan yi barci a hanya.

Ɗan Fagge: Talata ina da lakca har sha biyu fa jama'a, ba za a duba Laraba ba?

'Yar Zazzau: Kai ka tayar da maganar kuma kai ne na farkon kawo uzuri, Bakano kenan. Bari jadawalin shif ɗinmu na Afrilu ya fito in turo, sai a zaɓa.